Kneiphof: Tambayoyi da Amsoshi Kan Garin Tsibiri da Ya Ɓace a Königsberg

Mene ne Kneiphof, kuma a ina yake?

Tsibiri ne ɗan ƙarami a tsakiyar kogin Pregel, a birnin da Jamusawa suke kira Königsberg, babban birnin Furusiya ta Gabas a da. Yau birnin yana hannun Rasha, sunansa Kaliningrad, kogin kuma ana ce masa Pregolya. Yankin a yanke yake daga sauran ƙasar Rasha, Polan na kudu da shi, Lituwaniya na arewa da gabas, tekun Baltik na yamma.

Girman tsibirin kimanin hekta 10 ne, wato wajen filin ƙwallo 14 in an jera su. A wannan ɗan fili aka yi gari sukutum: majalisarsa, kotunsa, kurkukunsa, kasuwanninsa, babbar majami'a da jami'a. Wanda ya je yau ba zai tarar da komai daga cikin wannan ba sai majami'ar, da kabari ɗaya a jikinta, da itatuwa da ciyawa. Tun 2016 sunansa a hukumance Tsibirin Kant, da sunan masanin falsafar da ke cikin wannan kabari.

Daga ina sunan ya samo asali?

Ba kalmar Jamusanci ba ce tun tushe, ko da yake ta yi kama. Masana harshe sun danganta ta da yaren Furusawa na asali, mutanen Baltik da suka riga Jamusawa zama a wurin, kuma ma'anarta wuri mai fadama da ruwa ke malalewa a kansa. Polawa suna ce masa Knipawa. Shi kansa yaren Furusawan ya mutu wajen farkon ƙarni na 18, ya bar sunayen wurare da 'yan rubuce-rubuce kaɗan. Sunan bai yi ƙarya ba: ƙasar taɓo ce, sai an kakkafa turakun itace a cikinta kafin a ɗora gini.

Wa ya kafa shi, kuma yaushe?

A 1255 wata rundunar mayaƙan addini ta Jamusawa, wadda ake kira Jaruman Tutonik, ta gina ganuwa a kan tudu a gefen arewa na kogin, a lokacin da take cin ƙasar Furusawa da yaƙi. Suka sa mata suna Königsberg, wato Dutsen Sarki, don girmama Sarki Ottokar na Biyu na Bohemiya da ya taimaka musu. A gindin ganuwar garuruwa uku suka tsiro ɗaya bayan ɗaya. Altstadt ya sami takardar zama gari a 1286, Löbenicht a 1300, Kneiphof kuma a 1327, daga hannun shugaban rundunar, Werner von Orseln. Shi ne auta.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne waɗannan garuruwa uku ba unguwanni ba ne. Kowanne da magajin garinsa, da majalisarsa, da hatiminsa, da ƙofofinsa da ake rufewa, alhali tsakaninsu bai wuce jifa ba. Tambarin Kneiphof kore ne, da hannu yana fitowa daga cikin igiyar ruwa riƙe da kambi, da ƙaho biyu a gefe da gefe. Haka suka zauna kusan shekara 400, ana maƙwabtaka ana kishi.

Su wa suka zauna a can, kuma da me suke ci?

Fatake da masu jiragen ruwa. Duk wanda ke zaune a tsakiyar kogi, kaya ba sa wuce shi ba tare da ya gani ba. Daga cikin ƙasa, ta Lituwaniya da gabas, ana sauko da hatsi, katako, kakin zuma, fatu da rama. Daga yamma jirage na kawo gishiri, tufafi da kifin gishiri. Königsberg tana cikin ƙungiyar biranen kasuwanci ta Hansa, wadda ta haɗa ta da Lübeck da Danzig (Gidansk ta yau, a Polan) da sauran tashoshin Baltik.

Sunayen titunan tsibirin sun isa su nuna maka irin zaman da aka yi. Akwai Langgasse, doguwar hanya, wadda ta ratsa tsibirin daga gadar arewa zuwa ta kudu, inda attajirai suka jera gidajensu masu siririn gaba da tsayi, daga baya bankuna suka shigo. Akwai Brodbänkenstraße, layin teburan masu burodi. Akwai Fleischbänkenstraße, layin mahauta, kuma ba nisa da shi akwai gadar da ake kira Köttelbrücke, gadar kayan ciki, domin mayankar garin tana kusa. Akwai Magisterstraße, layin malamai, inda malaman jami'a suke haya. Wanda ya saba da tsofaffin biranenmu, inda sunan unguwa ke gaya maka sana'ar mutanenta, zai gane wannan tsari nan take.

Ina jaddada wannan ne saboda yawancin masu ambaton Kneiphof yau suna ambatonsa ne don masanin falsafa ɗaya da matsalar lissafi ɗaya. Amma shekara 600 ana haihuwa ana mutuwa a can, ana awo ana ciniki, kuma waɗannan mutane ne suka gina gadojin da lissafin ya shahara da su.

Gaskiya ne mutanen Kneiphof sun yi suna da taurin kai?

Gaskiya ne, kuma sau biyu abin ya kai ga makami.

Na farko a 1454 ne, lokacin da biranen Furusiya suka yi wa Jaruman Tutonik tawaye saboda haraji da matsi, suka nemi kariyar Sarkin Polan. Wannan shi ne mafarin yaƙin da ya ɗauki shekara 13. Garuruwan Königsberg uku duk sun shiga da farko. Amma a 1455 Altstadt da Löbenicht suka juya suka koma wajen tsoffin iyayen gidansu, aka bar Kneiphof shi kaɗai. Manyan 'yan kasuwarsa abokan cinikin Danzig ne, kuma Danzig ce ƙashin bayan tawayen. Heinrich Reuß von Plauen, ɗaya daga cikin jagororin rundunar, ya yi wa tsibirin ƙawanya da taimakon maƙwabtan nan biyu, ana faɗa a kan gadoji da cikin ruwa, har kimanin wata uku. A watan Yuli na 1455 suka miƙa wuya.

Na biyu ya fi taɓa zuciya, don labarin mutum ɗaya ne. A 1657 mai mulkin Brandenburg da Furusiya, Friedrich Wilhelm, ya sami yarjejeniyar Wehlau wadda ta fitar da Furusiya daga ƙarƙashin Sarkin Polan. Ga talakawa da attajiran Königsberg wannan na nufin ba sauran wanda za su kai ƙara wurinsa idan mai mulki ya ɗora haraji ba da yardarsu ba. Hieronymus Roth, shugaban majalisar alƙalan Kneiphof, shi ya tsaya a gaba ya ce ba a yi shawara da su ba, don haka ba su yarda ba. A watan Oktoba na 1662 mai mulkin ya zo da sojoji, ga kuma bindigogin ganuwar Friedrichsburg da aka gina a bakin kogi suna fuskantar gari. Aka kama Roth. Aka kai shi kurkukun Peitz, can nesa a Brandenburg, ya ƙi neman afuwa, ya zauna shekara 16 har ya mutu a tsare a 1678. Shekara guda bayan kama shi manyan ƙasar suka yi mubaya'a.

Yaushe ya daina zama gari mai cin gashin kansa?

A 1724, lokacin da Sarki Friedrich Wilhelm na Ɗaya ya haɗe garuruwan uku suka zama birni ɗaya. Kneiphof ya zama unguwa, amma bai yi asara duka ba: zauren majalisarsa ne ya zama na birnin gaba ɗaya, kuma ya ci gaba da wannan aiki har 1927, sannan aka mayar da shi gidan tarihin birni.

Me ya sa babbar majami'ar take a tsibiri, ba kusa da fada ba?

Ta farkon tana Altstadt, ta yi wa bishof na Samland, wato yankin da birnin yake, ƙanƙanta. Sai ya sami yankin gabas na tsibirin, aka fara sabon gini wajen 1333, aka gama wajen 1380. Bishof ɗin ya so ya yi ta kamar ganuwa, mai kaurin bango, amma shugaban rundunar na lokacin, Luther von Braunschweig, ya hana. Ba ya son wata ganuwa tana kallon tasa daga tsallaken ruwa. Shi ɗin ma a cikinta aka binne shi. An rushe tsohuwar majami'ar aka kwaso tubalinta ta kan wata gada ta wucin gadi aka zuba a sabuwar.

Da jan bulo aka gina ta, kamar yawancin manyan gine-ginen gaɓar Baltik, inda dutsen gini ya yi ƙaranci. A 1523 aka fara wa'azin ɗariƙar Martin Luther a cikinta, kuma a 1525 shugaban rundunar na ƙarshe a Furusiya, Albrecht, ya ajiye rigar addini ya mayar da ƙasar masarauta ta gado, shi ne sarkinta. Gobara ta cinye hasumiyoyinta biyu a 1544. Ta kudu ce kaɗai aka sake yi wa tsini, ta arewa aka rufe ta da rufi kawai, shi ya sa har yau gaban ginin bai daidaita ba. A cikin hasumiyar aka ajiye ɗakin karatu na Wallenrodt tun 1650.

Ina labarin jami'ar, kuma me ya haɗa Kant da tsibirin?

Albrecht ya kafa jami'ar a 1544, dab da majami'ar ta gefen arewa, shi ya sa ake kiranta Albertina. Shugabanta na farko Georg Sabinus ne. Ta zauna a tsibirin fiye da shekara 300, har 1862 da aka koma sabon gini a cikin gari, tsohon kuma ya zama ɗakin karatu da ma'ajiyar takardun birni.

An haifi Immanuel Kant ran 22 ga Afrilu 1724, shekarar da aka haɗe garuruwan, a unguwar da ke tsallaken kudu da tsibirin, kusa da Koriyar Gada. Mahaifinsa baduku ne mai yin kayan doki. Ya shiga Albertina a 1740, ya zama farfesa a 1770, ya rasu ran 12 ga Fabrairu 1804. Duk rayuwarsa bai yi nisa da yankin ba. An binne shi a jikin majami'ar inda ake binne malaman jami'a. Rumfar da ke kan kabarin yanzu, mai dogayen ginshiƙai na jan dutse a kusurwar arewa maso gabas, Friedrich Lahrs ne ya zana ta, aka buɗe a 1924 don cikarsa shekara 200 da haihuwa.

Akwai abin da bai kamata mai karatu ɗan Afirka ya wuce ba tare da an gaya masa ba. Kant ya shekara da shekaru yana koyar da labarin ƙasa da halayen al'ummomi, kuma ya rubuta kalaman ƙasƙanci game da baƙar fata, mutanen da bai taɓa zuwa ƙasarsu ba, ya dogara da labaran matafiya. Mutumin da ya koyar cewa kada a ɗauki ɗan Adam a matsayin abin amfani kawai, shi ne kuma ya jera jinsuna sama da ƙasa. A ganina a karanta shi, a ɗauki hujjarsa inda ta tsaya da ƙafarta, a kuma faɗi wannan laifi ƙarara.

Mece ce matsalar gadoji bakwai?

Kogin ya raba birnin gida huɗu: gaɓar arewa, gaɓar kudu, tsibirin Kneiphof, da wani babban tsibiri a gabas mai suna Lomse. Gadoji bakwai suka haɗa su. Biyar daga ciki suna taɓa Kneiphof: Gadar 'Yan Tireda da Gadar Maƙera zuwa arewa, Koriyar Gada da Gadar Kayan Ciki zuwa kudu, sai Gadar Zuma zuwa Lomse. Sauran biyun, Gadar Katako da Doguwar Gada, sun haɗa Lomse da gaɓoɓin biyu. Tambayar ita ce: mutum zai iya zagaya gari ya haye kowace gada sau ɗaya tak?

Ka ɗauki takarda ka gwada. Yi ɗigo huɗu, ɗaya a tsakiya, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya a dama. Ja layi biyu daga na tsakiya zuwa na sama, biyu zuwa na ƙasa, ɗaya zuwa na dama. Sai ka haɗa na dama da na sama, ka haɗa shi da na ƙasa. Yanzu bi layukan da biro ba tare da ka ɗaga hannu ko ka maimaita ba. Ko ta ina ka fara, aƙalla layi ɗaya zai rage maka.

Leonhard Euler, ɗan Suwizalan da ke aiki a cibiyar kimiyya ta Sant Pitasbag, shi ya bayyana dalili a 1735, aka buga bayanin a 1741. Hujjarsa mai sauƙi ce. Duk yankin da ka ratsa, ka shiga ta gada ɗaya, dole ka fita ta wata. Kenan gadojinsa su zama bibbiyu, ba saura. Wurare biyu ne kawai aka yi wa rangwame: inda ka fara da inda ka ƙare. To a Königsberg, Kneiphof na da biyar, sauran ukun kowanne na da uku. Duka huɗun suna barin saura ɗaya. Don haka ba zai yiwu ba, komai wayon mai yawo.

Girman abin ba a amsar yake ba. Euler ya nuna cewa tsawon gada, faɗin kogi da siffar tsibiri duk ba su da amfani a nan; abin dubawa kawai shi ne me ke haɗe da me. Daga wannan tunani aka sami reshen lissafi na ɗigo da layi, wanda ake amfani da shi yau wajen tsara hanyoyin sadarwa, layukan lantarki, da lissafin da wayarka ke yi idan ta nemo maka hanya a taswira.

Me ya sa ake ce wa ɗaya Gadar Zuma?

An gina ta a 1542, ita ce ta ƙarshe cikin bakwai ɗin. Labaran da ake bayarwa sun bambanta: wasu sun ce da gangunan zuma aka biya magina, wasu sun ce da zuma aka sayi izinin ginin. Labari ne na baka. Gadar ƙarfe da ke wurin yanzu ta 1882 ce.

Yaya aka yi garin ya ɓace?

A Yaƙin Duniya na Biyu, cikin dare biyu na ƙarshen Agusta 1944, daren 26 da daren 29, jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Königsberg ruwan bama-bamai. Harin na biyu ne ya faɗa wa tsakiyar tsohon gari. Ka tuna yadda tsibirin yake: gidaje manne da juna, tituna matsattsu, rufi da bene na katako, ruwa ta ko'ina, mafita sai gada. Wuta ta cinye shi kusan ƙurmus. Majami'ar ta ƙone, rufinta ya rufta, bango kawai ya tsaya. Tsohuwar jami'a da zauren majalisa suka tafi.

A watan Afrilu 1945 sojojin Tarayyar Sobiyat suka afka wa birnin, kwamandan Jamus Otto Lasch ya miƙa wuya ran 9 ga wata. Taron da ƙasashen da suka ci yaƙi suka yi a Potsdam ya bar arewacin Furusiya ta Gabas a hannun Sobiyat, aka canja wa birnin suna zuwa Kaliningrad a 1946. Jamusawan da suka rage, bayan yunwa da cuta sun kashe da yawa, an kwashe su a 1947 da 1948. A 1947 ne kuma ƙasashen da suka ci yaƙi suka soke ƙasar Furusiya baki ɗaya.

Ba za a ba da wannan labari a tsallake abin da ya gabace shi ba. Jamus ta Hitler ce ta kunna wutar. Tsallaken Gadar Zuma, a Lomse, akwai babban wurin ibadar Yahudawa da aka gina a 1896. 'Yan Nazi suka ƙone shi a watan Nuwamba 1938, kusan shekara shida kafin harin da ya ƙone Kneiphof. An sake gina shi, aka buɗe a 2018.

Me ya hana a sake gina shi, kamar yadda aka yi a Warso da Gidansk?

Polawa sun sake gina tsoffin unguwanninsu ne don suna ganin tarihinsu ne. A Kaliningrad kuwa mutanen da aka kawo daga sassan Rasha, Belarus da sauran wurare ba su da abin tunawa a waɗannan kangaye, hukuma kuma tana kallonsu a matsayin gadon abokin gaba. Aka rushe bangayen da suka rage, aka kwashe bulo a jiragen ruwa don gine-gine a wasu wurare. Ko fadar da ke kan tudu an tarwatsa kangonta a ƙarshen shekarun 1960. A 1972 aka buɗe wata doguwar gadar sama wadda ta bi ta kan layin tsohuwar Langgasse, ta maye gurbin Gadar 'Yan Tireda da Koriyar Gada. Tsibirin ya zama lambu, daga baya aka jera mutum-mutumi a cikinsa.

Kangon majami'ar ya tsira, kuma abin da kowa ke faɗa shi ne kabarin Kant ne ya cece shi. Rumfar kabarin ba ta rushe a yaƙin ba, malaman Sobiyat kuma suna girmama Kant a matsayin ɗaya daga cikin magabatan tunanin da ya kai ga Marx.

Me mai ziyara zai gani yau?

An fara gyaran majami'ar a 1992, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat da buɗe yankin ga baƙi. A 1994 jirgi mai saukar ungulu ya ɗora mata sabon tsinin hasumiya. Yanzu zauren kiɗa ce, da babbar garayar bututu da kamfanin Schuke na Potsdam ya ƙera. A hasumiyar akwai gidan tarihin Kant, a ƙasa akwai ƙananan ɗakunan ibada biyu, na ɗariƙar Luther da na Otodoks. A inda jami'a take an kafa mutum-mutumin Albrecht a 2005. Angwaye da amare sukan zo da kayan biki su ajiye furanni a kabarin Kant. A kan Gadar Zuma akwai wani ɗan mutum-mutumin tagulla na tsoho, bai fi tafin hannu da yawa ba, zaune a kan ƙarfen gefe. Da sanyi mutanen gari sukan saƙa masa hula.

Gadar Maƙera da Gadar Kayan Ciki ba su dawo ba bayan yaƙi. Tsallaken kudu kuma ginin kasuwar hannun jari na 1875 yana nan tsaye, ya zama gidan zane-zane.

Akwai abin da ya haɗa wurin da mu?

Ɗaya, kuma masu son ƙwallo za su tuna. Ran 16 ga Yuni 2018 Najeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya da Kuroshiya a Kaliningrad, aka ci ta 2 da nema. Filin wasan yana kan tsibirin Oktyabrsky, wanda shi ne tsohon Lomse, ɗigon nan na dama a takardarka.

Za a sake gina Kneiphof wata rana?

An daɗe ana muhawara a Kaliningrad, an yi gasar masu zanen gine-gine kan tsakiyar birnin, amma tsibirin yana nan lambu. Masu so suna cewa majami'a ba gidaje a kewaye kamar kai ne ba gangar jiki. Masu ƙi suna cewa mutanen yau sun saba da inuwarsu, kuma abin da za a gina kwaikwayo ne don 'yan yawon buɗe ido. Dab da tsibirin an riga an gina jerin gidaje masu kamannin tsohon salon Jamus, ana kiransu Ƙauyen Masunta, yawancinsu otal da gidajen abinci.

Ni ina tare da masu cewa a bar itatuwan. Abin da nake so a ƙara shi ne a fito da layin kowane titi a ƙasa da dutse, a rubuta sunansa da Rashanci da Jamusanci, yadda yaron da ke gudu a kan ciyawa zai san nan layin mahauta ne, can layin malamai. Harsashin gidajen da ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa suna nan binne a ƙarƙashin lambun.